Gicciye Mai Zane Takwas

Sau uku Malam Lefteris yana aiko manya neman auren Argiro, sau uku ubanta, ƙanena Minas, yana dafa musu kofi, ya zauna da su har su shanye, sannan ya ce a'a. Bai taɓa faɗin dalili ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Ni ce Kalliyo, yayarsa. Ni na riƙe Argiro tun tana shekara shida, lokacin da uwarta Pelagiya ta rasu na tattaro komatsaina daga Jamus na dawo ƙauyenmu na kan duwatsun tsibirin Kirit. Yanzu shekararta ashirin da shida, ta yi karatu, tana aiki a kantin magani a gari. Ba yarinya ba ce da za a ce ba ta san abin da take so ba. Lefteris take so, malamin lissafin makarantarmu, dogo siriri mai tabarau ɗaure da zare, wanda in ya hau bene sai ya gaya maka matakala nawa ya taka. Ba ya shan giya, bai taɓa riƙe bindiga ba. Mazan ƙauye suna yi masa dariya, ni kuwa na ga miji a inda mata ke kwana lafiya.

Akwai wani mai sonta, amma shi Allah ya yi mana maganinsa tun da wuri. Sunansa Stratis, ɗan Haridimos mai injin matsar zaitun. Yarinyar da aka fara yi masa baiko da ita ta koma gidansu da karyayyen muƙamuƙi, aka ce wai santsi ya kwashe ta. Shekara goma ke nan yana bin Argiro da ido kamar kare a bakin mahauta, ba halin ya matso, domin ubansa ne ya ɗauke ta ranar baftisma. Wanda ya ɗauke ka ubanka ne a gaban Allah, 'ya'yansa 'yan'uwanka ne, tamkar kun sha nono ɗaya. Haka nan duk yaran da hannu ɗaya ya ɗauka. Shi ya sa mai hankali yake zaɓa tun farko, ko maza zalla ko mata zalla, don kada wata rana biyu daga cikinsu su ga juna su so.

Ranar da aka kori manyan Lefteris karo na uku, Argiro ta durƙusa a gaban ubanta a ɗakin girki tana kuka.

"Baba, ka faɗa mini laifinsa ko ɗaya ne. In ɓarawo ne ka ce, in mashayi ne ka ce. Ni zan rabu da shi da bakina."

"Ba shi da laifi."

"To me ya sa?"

"Na ce a'a."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Na bi shi har ƙofa da maganganun da ba zan maimaita su a nan ba, bai ko waiwayo ba.

A makon ne lalitarsa ta ɓace. Mutumin da kuɗi bai taɓa hana shi barci ba, sai ga shi yana birkita gida, yana bin layin inabi yana tona ƙasa da ƙafa, ya daina cin abinci. Na ce ya sa a yi cigiya a shagon kofi, ya daka mini tsawa ya ce kada in kuskura. Na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi.

Ranar Alhamis Lefteris ya tare ni a bakin famfo, ya buɗe jakar littattafansa ya nuna mini lalitar. A gindin bishiyar da ake jiran bas ya tsince ta. Ina ganin fatar na gane ta, na buɗe baki zan yi magana ya ɗaga hannu.

"Gwaggo, kada ki faɗa. Babu kati a ciki, babu hoto. Ki bar ni in gano mai ita da kaina."

"Kai dai Allah ya shirye ka. Mutum na can ya ƙi abinci kana nan kana jarrabawa."

Ya ce ai ya kusa gamawa, saura mataki ɗaya. A nan ne shaiɗan ya hau kaina. Na ce kada ya kai ta yau, ya bari sai Asabar, ranar bikin sunan Minas, wato ranar waliyyin da ya ci sunansa, da ake yi duk shekara. Ranar suna ƙofa a buɗe take, ko maƙiyinka ya shigo dole ka ba shi kujera. Na ce ya rubuta yadda ya gano ɗin tsaf, ya kawo a gaban jama'a, kowa ya ga irin kan da ake ƙi da irin amanar da ake kora. Ban tambaye shi me ke cikin lalitar ba. Wannan shawarar tawa ce, ba ta kowa ba, kuma da ita zan shiga kabari.

Ranar Asabar tun hantsi gida ya cika. Na dafa akuya, na soya dodon koɗi da ruwan tsami, an jera kwalaben giyar raki ta bana. Haridimos ya hakimce a kan tebur, wurin uban baftisma, Stratis na gefensa yana ɓare gyaɗa da haƙori. An ɗauko tsohuwa Stamatiya, wadda kowa ke kira Nona, wato uwar baftisma, a kujera an ajiye ta kusa da murhu. Ita ce ungozomar ƙauyen tun kafin a kawo mana titi, ta haura tamanin, idonta ya tafi. Maza bakwai ta ɗauka a baftisma, kowa ya san su, Lefteris ne na biyar.

Ya shigo da rigarsa ta zuwa coci, ya fara zuwa ya sumbaci hannun Stamatiya, sannan ya tsaya gaban Minas ya yi masa fatan shekaru masu yawa. Ya ajiye lalitar a kan tebur, an ɗaure ta da zare tare da takarda mai gida-gida irin ta littafin lissafi.

Ƙanena na ganinta ya zabura. Ya kai hannu zai cusa ta aljihu har da takardar.

"Haba kumbaro," in ji Haridimos, da sunan da uban yaro da uban baftisma suke kiran juna, "malam ya yi maka wasiƙa, ka hana mu ji?"

Minas ya ce sai anjima. Ni kuwa na riga na fizge takardar, na gyara tabarau, na tsaya tsakiyar ɗaki kamar mai karanta sakamakon zaɓe. Ga abin da ya rubuta, har yau ina iya kawo shi da ka.

"Tambaya: lalitar wace ce wannan? Mutanen ƙauyenmu ɗari uku da tamanin ne, sai mu fara ragewa.

"Na ɗaya. Ta lanƙwashe irin ta aljihun baya, ta namiji ce. Babu katin shaida a ciki, ke nan mai ita ya haura sittin, domin tsofaffinmu a akwati suke kulle kati don kada ya tsufa. Saura arba'in da ɗaya.

"Na biyu. Fatar ta goge ta gefen hagu, inda babban yatsa yake buɗe ta. Bahago ne. Saura huɗu.

"Na uku. Tana warin farar wutar da ake barbaɗa wa inabi. A cikin bahagwai huɗu, biyu ne masu inabi: Baba Minas da Baba Haridimos.

"Na huɗu. Kafin lalita ta faɗi sai an fito da ita. Na tambayi mai shagon kofi, ya ce shekara talatin bai ga ta Baba Haridimos a waje ba. Saura ɗaya. An tabbatar."

Ɗaki ya ɗauki dariya, har da masu buga tebur. Haridimos ya yi yaƙe, kunnuwansa suka yi ja. Argiro tana bakin ƙofar ɗakin girki da faranti a hannu, idonta na ƙyalli, rabon da in ga fuskarta haka tun bazara. Na ji kaina ya yi girma. Na ga akwai saura a ƙasan takardar, na ci gaba da murya sama.

"Ragowar lissafi. A lungun lalitar akwai ƙaramin gicciyen azurfa a naɗe cikin tsumma. Na san shi, don irinsa ne a wuyana. Nona Stamatiya ba ta rubutu, da allura take yi wa na kowane ɗanta zane a baya. Nawa zane biyar ne. Wannan takwas ne. Mu bakwai aka sani, kuma Nona maza kaɗai take ɗauka. Ke nan ina da ƙane a duniya wanda ban sani ba. Wannan ya fi ƙarfin lissafina. Baba Minas, in ka san inda yake, ka ce masa yayansa na biyar yana gaishe shi."

Na sauke takardar ina murmushi ni kaɗai. Babu wanda ya yi dariya.

Stratis ne ya fara magana, yana tofar da ɓawon gyaɗa. Ya ce ashe Baba Minas ma ya iya shuka a gonar da ba tasa ba, a faɗa musu a wane ƙauye aka ɓoye yaron, su je su ga ko ya ɗauko hancin. Wasu suka sunkuyar da kai. Minas ya miƙe, hannunsa na laluben wuƙar yanka burodi, maza biyu suka riƙe shi.

"Ku ba ni gicciyen."

Muryar Stamatiya ce daga bakin murhu. Ba wanda ya motsa, sai ta sake faɗa. Lefteris da kansa ya kwance zaren, ya ciro tsumman ya sa mata a tafin hannu. Ta juya gicciyen, ta bi bayansa da farce a hankali, leɓunanta na motsi.

"Nona, don Allah," in ji Minas. "Kin yi mini rantsuwa."

"Na yi. Shekara ashirin da shida ina riƙe da ita, ta fi dutse nauyi. Amma ba zan zauna da gicciye a hannu ana yi maka ƙazafi a ɗakin da Pelagiya ta haihu ba." Ta ɗaga makafin idanunta. "Ba namiji ba ne."

Sauran ta faɗe shi a hankali, ba ta tsallake komai ba. Shekarar da ƙanƙara ta rufe hanya kwana biyar, ina can Jamus ina ɗinka kujerun mota, naƙuda ta zo wa Pelagiya saura wata guda. Jaririyar ta fito shuɗiya, ba kuka, numfashi kamar zare. Limamin coci yana ƙauyen ƙasa, ba hanyar zuwa. Stamatiya ta ce ba za ta bari rai ya koma ba suna ba. Ta ɗaga ta sama sau uku, da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ta kira ta Argiro. A ɗagawa ta uku yarinyar ta tsala kuka.

To amma tun cikin yana wata uku Minas ya yi wa Haridimos alkawarin shi zai ɗauki abin da aka haifa, sun sha hannu a gaban mutane. A duwatsunmu an zubar da jini a kan abin da bai kai wannan ba. Sai suka yi shiru su uku. Da bazara aka je coci, Haridimos ya ɗauke ta, aka yi harbe-harben murna. Stamatiya ta kasa hana kanta, ta sa aka ƙero gicciye ta yi masa zanensa, ta ba uban ya ɓoye.

Ba sai an kira liman ya yi mana fassara ba. Kowace tsohuwa a ɗakin ta san hannun da ya fara ɗaga yaro ya ba shi suna, shi ne hannun. Argiro ce ta takwas, ƙanwar Lefteris.

Farantin da ke hannun Argiro ya faɗi.

Haridimos ya miƙe, ya kife kofinsa a kan tebur. Ya ce shekara ashirin da shida yana saya mata takalmi da kyandir duk Ista, yana cire hula in an kira shi ubanta, ashe wasan yara ake yi da shi, yau kuma an tara gari an yi masa dariya a kan tebur. Stratis kansa ba ya ja da sauri, sai da ubansa ya kai ƙofa sannan abin ya faɗo masa. Na ga murmushin yana buɗewa a fuskarsa sannu a hankali.

"Ke nan ba ƙanwata ba ce," ya ce.

Uban ya tsaya, ya juyo ya dube shi, ya dubi Minas.

"Hanya ɗaya ce ta rage da gidana da naka za su zama dangi, a wanke wannan. Gobe bayan coci za mu zo. Ka dafa kofi."

Kafin a yi haka ɗaki ya watse, akuyata ko rabi ba a ci ba. Na tsaya kan Minas na ce me ya hana shi gaya mini, ni da muka fito ciki ɗaya. Ya ɗago jajayen idanu ya ce da ya gaya mini da safe, kafin azahar an ji a bakin famfo. Ya ce ƙaryar nan ita kaɗai ce katangar da ke tsakanin 'yarsa da Stratis, ya gwammace ta tsane shi har ya mutu da ya rushe ta. Gaskiya ya faɗa. Ban taɓa jin na tsani bakina irin na ranar ba.

Argiro da Lefteris suna tsakar gida a gindin lemo. Na tsaya bayan taga ina ji, ba na kuma jin kunyar faɗa.

Lefteris yana ta kai da kawo, ya cire tabarau ya mayar. Ya ce ba jini ba ne, ko ɗigo ɗaya ba su haɗa ba. Ya ce ba ruwa aka sa mata ba, iska ce kawai, zai rubuta wa bishop, zai nemo littattafai, tabbas akwai ƙofa. In ma babu, bas na tashi ƙarfe huɗu, a birni magajin gari yana ɗaura aure ba ya tambayar wa ya ɗaga wa.

"Ki ɗauko jakarki kawai, Argiro. Zan sami makaranta a ko'ina. Lissafi ɗaya ne a duk duniya."

Tana zaune a bakin rijiya, hawaye na zuba ba ta share su.

"Ka ce iska ce kawai."

"Iska ce."

"Na fito a mace, Lefteris. Ka ji da kunnenka. Ta ɗaga ni sau uku na yi kuka. In abin da ta yi ba komai ba ne, me ya dawo da ni?"

Ya fara bayanin yadda huhun jariri yake buɗewa in an motsa shi. Allah sarki, har da kwatance da hannu. Ta bar shi ya kai aya.

"Na yi karatun nan, na sani. A kantin magani nake aiki. Amma gaya mini, ranar da na haifa maka ɗa ya zo ba ya numfashi, me zan fara tunawa? Huhu? Kai fa, wa za ka kalla?"

Ta nuna ƙirjinsa da yatsa.

"Gicciyen da ke wuyanka, cire shi ka jefa a rijiyar nan. In ka jefa, na rantse zan bi ka ƙarfe huɗu."

Hannunsa ya tafi wuyansa. Ya jawo sarƙar, ya riƙe gicciyen a tafinsa, na ga babban yatsansa yana bin bayan kamar yadda tsohuwar ta yi. Stamatiya ce ta riƙe shi shekara uku lokacin da uwarsa ke asibiti. Ya daɗe a haka, ni ina bayan taga ina roƙon Allah ya jefa, ni da ban taɓa fashin coci ba. Bai jefa ba. Ya durƙushe a ƙasa ya kifa kai a gwiwarta yana kuka kamar yaro.

"Ni na kashe mu. Da na miƙa masa abinsa na yi shiru. Ina ta murna na gano, ina ta murna."

"Ba ka yi kuskure ba ko ɗaya sai na ƙarshen," ta ce, tana shafa kansa. Sai ta janye hannun da sauri kamar ta taɓa murhu.

Ya ce Stratis fa. Ta ce ba ta sani ba. Ta ce in ta ƙi, Haridimos ba zai bar ubanta ya yi tsufa lafiya ba, in ta yarda kuwa ya san yadda muƙamuƙi ke karyewa. Ta ce ya bar ta da wannan, ba lissafinsa ba ne.

Ta miƙe ta shigo ɗaki, ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba. Stamatiya tana nan inda aka manta da ita a bakin murhu. Argiro ta durƙusa ta sumbaci hannunta, ta karɓi gicciyen, ta zare zaren da aka ɗaure lalitar da shi ta zura, ta rataya a wuya. Takardar tana ƙasa inda na yar da ita. Ta ɗauka, ta kakkaɓe, ta ninke ta gida huɗu, ta koma tsakar gida ta miƙa masa.

"Ka ce a gaishe da na takwas," ta ce. "Saƙo ya iso. Ina amsawa, Yaya."

Bai karɓi takardar ba, ita ma ba ta sauke hannu ba. Suna tsaye a haka muka ji harbi daga gangaren gidan Haridimos, ɗaya, biyu, uku, a jere, sama ake yi. Irin wanda ake yi in za a yi baiko a gida ne.